Diddigen tsohuwa ya fi tayil ɗin falo faɗin gaskiya

Wasiƙu huɗu na ware wannan makon, duka daga Kumasi ko daga 'ya'yan Kumasi da ke waje, kuma duk a kan gidan kula da tsofaffi suke. Da shekaru 20 baya ne, babu ɗan zangon da zai yarda a ji wannan tambaya daga bakinsa. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2, 'ya'yan da za su riƙe su kuwa wasu suna kasuwar Kejetiya tun kafin rana ta fito, wasu suna Amurka da Jamus da ƙasashen Larabawa suna turo kuɗi. Kuɗi kuma ba ya juya mara lafiya a gado. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Hajiya, ina gaisuwa. Ni 'yar Aboabo ce, ina aiki a Jamus. Mahaifiyarmu shekararta 81, ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan ƙaramar salla. An sallamo ta daga asibitin Komfo Anokye ba ta iya juya kanta, magana ma sai ka kasa kunne. Ƙanwata ke ɗawainiya da ita, ga kasuwa ga yara 3, har bayanta ya riƙe. Yayanmu ya turo min bidiyon gidaje biyu a bayan gari. Ɗaya da tayil da talabijin da furanni, kuɗinsa ya kusa ninka na ɗayan. Zan zo gida na mako 3. Yaya zan gane wanda zai riƙe min uwa da amana?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba Mma lafiya, ya saka wa ƙanwarki da alheri. Bidiyon nan ki ajiye shi gefe tukuna. Yayanku inda aka nuna masa ya ɗauka, kuma na tabbata da hantsi ya je, an gama shara, an fesa turare, an jero masu ƙwarin cikin tsofaffin a gaban talabijin. Mma ba a falon nan za ta zauna ba. A gado za ta wuni, a gado za ta kwana, kuma ba ta da bakin da za ta kira ki a waya ta ce an bar ta cikin fitsari tun isha'i.

Mu gama da takardu da wuri. Dokar cibiyoyin lafiya ta 2011 ta ɗora wa hukumar HeFRA ba da lasisi ga wuraren jinya, har da gidajen kula da tsofaffi. Ki ce a nuna miki lasisin, ki duba sunan gidan da ranar ƙarewarsa. Wasu za su miƙo miki takardar rajistar kamfani a cikin firam mai kyau. Wannan ko mai shagon siminti yana da ita. Duk wadda aka ce miki nas ce kuma, tana da lambar aiki daga majalisar nas-nas da ungozomomi: PIN ga cikakkiyar nas, AIN ga mataimakiya. Farar riga a kasuwa ake sayenta. Masu wanka da ciyarwa ba dole su zama nas ba, amma sai an samu ta gaske da ke duba magani da rauni, ki kuma ji ko kullum take zuwa ko sunanta kawai aka ara aka liƙa a bango.

Daga nan sai ƙafa. Kowane gida ki je shi sau biyu, ɗaya da sanarwa, ɗaya babu. Na babu sanarwar ki yi shi wajen ƙarfe 7 na safe, lokacin da aikin daren jiya bai ɓoyu ba, ko bayan magariba da masu aikin rana suka watse. In maigadi ya ce sai ranar ziyara, ki yi masa godiya, kin ji abin da kika zo ji. Da kin shiga, hanci zai riga ido ba ki labari. Inda tsofaffi suke ba a rasa warin da ya taso yanzu, ana gyarawa ya wuce. Zarnin da ya kama katifa da labule daban ne, wannan na watanni ne, kuma turaren da aka cika fesawa har yana hawa kai shi ma wani abu yake rufewa.

Ki ce a kai ki ɗakin waɗanda ba sa tashi. Ba za ki ɗaga zanin uwar wani ba, amma abin da ke fili ya isa: farce a yanke yake ko ya yi zaƙo-zaƙo da baƙin datti, leɓe a jiƙe ko a tsattsage, kofin ruwa yana inda hannu mai lafiyar zai kai ko yana can kan taga, an sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri ko an shimfiɗe mutum kamar itace. Sai ki yi tambayar da ta fi sauran: mutum nawa ke kwana a bakin aiki, marasa tashi nawa ne, a ina ake rubuta juyi? Wanda ba ya motsa kansa ana juya shi kusan duk awa 2, dare da rana. Ki yi lissafin da kanki. A ce marasa tashi 8 ne, juya kowane da canza masa famfas da goge jiki ya ci minti 15, awa 2 ke nan cif. Ma'aikaciya ɗaya tana gama zagaye lokacin wani ya yi, ba ta zauna ba, ba ta kai kowa bayi ba. Babu ɗan Adam da zai jure haka har asuba, don haka in aka ce miki mutum ɗaya ke kwana, kin san ba a juyin. Takardar juyin ma ki karɓa ki duba. In kin ga hannu ɗaya da biro ɗaya sun cike ta tsaf tun daga safe har daren da bai yi ba tukuna, a zaune aka rubuta.

Gwaggona ce ta sa nake nanata wannan. Shekarun baya mun kai ta wani gida a bayan gari, mai kyau ƙwarai, har da kifaye a cikin gilashi a falo. Duk Juma'a in na je sai in same ta fes, an shafa mata hoda, an sa mata safa mai kauri. Na ce kai, har sanyin ƙafarta suke lura da shi. Ranar da na kawo lalle in sa mata, na ja safar sai ta maƙale a diddige. Na jiƙa ta da ruwan ɗumi ta saki, sai ga baƙin tabo faɗin kwandalar sidi ɗaya, luguf, yana wari. Mako 6 ina zuwa ina shafa kanta ina yi mata addu'a, ban taɓa duba ƙafarta ba. Wata 4 aka yi ana wankin gyambon nan. Littattafan turawa jan tabo suke cewa a nema, a fatarmu kuwa ba ja yake fitowa ba. Wurin yakan fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, in kin taɓa ki ji zafi ko tauri. Diddige, idon sawu, ƙashin da ke saman ɗuwawu, gefen ƙugu, gwiwar hannu, ƙeya: nan ne wuraren. Ranar da za a kai Mma, ke da ƙanwarki ku duba su a gaban nas ɗin gidan, a rubuta, kowa ya shaida yadda ta shigo.

Ziyara ɗaya ki daidaita ta da lokacin cin abinci. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya tana ba shi wuya, ruwa ko abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu, kwana biyu sai zazzaɓi da limoniya. Ki ga ko ana tayar da mutum zaune sosai ko a kwance ake ɗura masa, ko mai bayarwar tana zaune tana jiran ya haɗiye ko tana tsaye, cokali a hannu ɗaya waya a ɗayan. Bayan an gama a bar shi zaune kamar rabin awa. Sannan ki leƙa kicin ki tambaya kai tsaye: naman daga ina, wa ya yanka, tukunya ɗaya ce ta kowa? A Kumasi muke, miyar da aka sa ƙafar alade ko naman daji ba abin mamaki ba ce, kuma ba da mugunta ake yi ba, rashin faɗa ne. Tsohuwar da ta shekara 80 tana karyawa da koko da ƙosai, ta rufe da tuwon zafi miyar ayoyo, in aka juya mata abinci gaba ɗaya rufe baki za ta yi, a ce miki ba ta da ci. Ki ji ko sun yarda a riƙa kawo na gida.

Haka maganar harshe. Mma ta iya Tonanci, yaren Tonawa wato Asante, a kasuwa, amma ciwo da tsufa sukan mayar da mutum ga harshen da ya sha a nono. In babu ko mutum ɗaya da zai ji "ruwa" ko "bayana" da Hausa cikin dare, ba ƙaramin rashi ba ne. Mace ce za ta yi mata wanka? Za a juya gadonta ya fuskanci alƙibla, a bar mata dutsen taimama da tazbaha kusa?

Mai gidan zai yi miki magana mai daɗi, aikinsa ke nan. Ki nemi mai wankin zannuwa da goge jiki, ki gaishe ta da kyau, ki tambaye ta tun yaushe take nan. Gidan da babu ma'aikacin da ya kai wata 6, akwai abin da ke korarsu, galibi albashin da ba ya zuwa a kan kari ne, wanda ba a biya ba kuwa a kan tsoho yake hucewa. Ki lura da tsofaffin in ma'aikaciya ta matso: akwai mai sakin fuska, akwai mai ƙanƙame jiki ya kare kansa da hannu.

Sauran ki bi su da sauri. Janareto da tankin ruwa, don katifar iska da ake sa wa marasa tashi da wuta take aiki, ana ɗaukewa ta sace. Gidan sauro, ƙarfen dafawa a bayi, ƙofar da keken guragu zai wuce, mai gashin ƙashi da zai riƙa motsa mata hannu da ƙafa kada su sandare. Da wane asibiti suke kai mutum cikin dare, da wace mota. "Za mu kira 112", lambar gaggawa, ba ta isa ba in gidan yana ƙarshen hanyar da ruwan sama ke yankewa.

In gidajen biyu suka zo kusan ɗaya a waɗannan, ni wanda ya fi kusa da Aboabo zan zaɓa, ko da fentinsa ya koɗe. Gidan da sai an hau tirotiro, wato motar haya, har biyu, watan farko kullum za a je, na uku sai Juma'a, na shida sai salla. Ke kuma mako 3 za ki yi ki koma. Tsohuwar da aka san 'yarta na iya faɗowa kowane lokaci da kwanon tuwo a hannu, juyinta ba ya wucewa. Rarar kuɗin ki riƙa turo wa ƙanwarki na pragya, keken haya mai ƙafa uku.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Direba ne ni a Asawase, ina lodin Tamale. Babanmu gigin tsufa ya kama shi, yana fita ya ɓace, sau biyu ana tsinto shi a unguwar Alabar. Wata 4 ke nan da muka kai shi wani gida. Da farko yana gane ni, yana faɗa yana neman goro. Yanzu kullum barci, yawu na zuba, wandonsa ya yi masa yawa. Makon jiya na ga sawu a wuyan hannunsa duka biyu. Sun ce tsufa ne. In fitar da shi?

Amsa: Ɗana, kafin maganar fitarwa, ka ajiye lodin gobe ka kai Baba asibiti, Manhyia ko Tafo ko duk wanda ya fi kusa, likitan da ba na gidan ba ya gan shi. Gigin tsufa a hankali yake cin mutum, cikin shekaru. Wanda ke faɗa a kan goro wata 4 baya, yau ba ya iya ɗaga kai, akwai abin da ya hau kan tsufan. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da na fi zargi maganin barci ne. Masu gigin tsufa da yawa da la'asar sakaliya suke rikicewa, su tashi sai sun tafi "gida", su yi ta jijjiga ƙofa. Gidan da hannaye suka yi wa kaɗan, ƙwaya ce mafitarsa, da daddare tukuna, in ba ta isa ba a ƙara da rana. Mutum ya yi shiru, amma ya daina ci da sha, ƙafa ta mutu, in ya miƙe ya faɗi, karayar ƙugu kuwa ga ɗan shekara 80 sau da yawa daga ita ba a sake tashi. Sai dai ciwon mafitsara, zazzaɓin sauro, ƙarancin ruwa a jiki, sugan da ya faɗi ga mai shan maganinsa, ko jinin da ya taru a ka bayan faɗuwar da ba a gaya maka ba, duk suna kwantar da tsoho haka, wani lokaci jiki ko zafi babu. Shi ya sa na ce likita.

Ka ce a ba ka takardar da ake rubuta maganinsa da magungunan kansu a cikin kwalayensu, ka zuba a leda ka tafi da su. Ƙwayar da ke ledar amma babu ita a takardar, ka tambayi wa ya ba da umarninta. Kada ka tsayar da maganin barcin da kanka. Irin su diazepam in jiki ya saba aka yanke farat ɗaya suna iya jawo jijjiga, likita ne zai rage a hankali.

Maganar sawu, fatar tsoho ba ta da wuyar tabo, balle mai shan asfirin, riƙo kaɗan sai ta nuna. Amma sawun da ya zagaye wuyan hannu biyu kamar awarwaro, ɗauri ne. Ka ɗauki hoto da kwanan wata, likita ya rubuta a katinsa. Sannan ka zauna da shugabar ma'aikatan, ba da hayaniya ba, ka tafi da babba ɗaya daga dangi. Wadda ta ce "e, ranar kaza ya so ya fita cikin dare muka ɗaure shi, kuskure ne," ana iya gyara zama da ita. Wadda ta ce ba ta ga komai ba, ka haɗa kayan Baba. In ɗaurin ko duka ya tabbata, ka kai ƙara ofishin jin daɗin jama'a na gundumar da gidan yake da kuma HeFRA, in akwai rauni har DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida. Akwai na gadon kusa da Baba da ba mai zuwa duba shi.

In za ka nemi wani wurin, Baba fili yake so mai katanga inda zai yi ta zagaye har ya gaji, da fuskokin da ba sa canzawa, da wanda zai ba shi goronsa ya bar shi ya yi faɗansa. Ka tambayi ma'aikaciya, kamar da wasa, me take ganin ke damun tsohon da ke magana shi kaɗai cikin dare. In ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, madalla. In ta fara kawo maita, ka yi hattara. Ba mu manta da tsohuwar nan 'yar shekara 90 da aka kashe da duka a Kafaba kusa da Salaga a 2020 bisa zargin maita ba. Mai irin wannan tunani, sa rigar aiki ba ya cire masa shi.

Tambaya: Hajiya, daga Sawaba nake. Kawunmu ya rantse in muka kai kakarmu irin wannan gida ba shi ba mu, wai jefar da iyaye al'adar turawa ce. Amma bai taɓa kwana da ita ba. Ni jikarta ni ke yi, kuma an sa ranar aurena bayan babbar salla.

Amsa: 'Yata, kawu yana da tasa gaskiyar. In aka ce gidan tsofaffi, abin da ke zuwa wa mutanenmu a rai shi ne gidan gajiyayyu na gwamnati da ke Bekwai, inda ake kai waɗanda ba su da kowa, to wa zai so a ce uwarsa ba ta da kowa? Ayar Suratul Isra'i da ta hana ko "uf" ga iyaye in sun tsufa a wurinka ma ba wasa ba ce. Sai dai ni na shiga gidajen haya a zangon nan na ga tsohuwa a kulle a ɗaki tun safe, da fo da kofin kokon da ƙuda ya rufe, kowa ya tafi nema. Wannan ma jefarwa ce, maƙwabta ne kawai ba su ga motar da ta ɗauke ta ba.

Ku kira zaman dangi kafin biki, a gaban liman ko wani dattijon da kawu ke jin nauyinsa. Kada ki ambaci gidan tsofaffi, aikin za ki lissafa: wankan safe, juyin dare, wankin zannuwa, asibiti duk wata, kuɗin famfas. Ki ce bayan salla wa zai ɗauki wanne. In hannaye suka tashi, alhamdu lillahi, kaka ta zauna a ɗakinta, shi ya fi mata, a ɗauko mai kula da rana ana biyanta. Ku sani dai mace ɗaya ba ta yin dare da rana, kuma diddige a gida ma sai an duba. In kuwa aka yi tsit kowa ya sunkuyar da kai, ba ke za ki faɗi sauran ba, liman zai faɗa.

Tambaya: Hajiya, ɗan kasuwa ne daga Tafo Zango. Inshorar lafiya tana biyan kuɗin irin waɗannan gidaje? An ce in kawo na wata 6 gaba ɗaya don mahaifina. Me zan sa a rubuta kafin in biya?

Amsa: Alhaji, ba ta biya. Katin NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, na asibiti ne da magungunan da ke cikin jerinsu, ɗaki da abinci da wanka daga aljihunka. Amma kada a bar katin ya mutu: mai shekara 70 zuwa sama an ɗauke masa kuɗin shekara, ɗan kuɗin sabuntawa kawai zai biya, da *929# ake yi daga waya. Ka ji ko da katin suke kai mutum asibiti, don wasu sun fi son asibitin kuɗi na abokinsu, rasit ya biyo ka.

Wata 6 gaba ɗaya ɗabi'ar masu gidan haya ce, kada ka yarda a shigo da ita nan. Ka biya wata ɗaya na gwaji. A rubuta abin da kuɗin wata ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, don famfas da safar hannu da wankin rauni da motar asibiti su ke ninka lissafi. A rubuta abin da za a mayar maka in an kwantar da Baba a asibiti ko ka fitar da shi a tsakiyar wata. Katin Gana da na banki da lambar sirrin MoMo, wato kuɗin waya, da fanshon SSNIT su zauna a hannun dangi, hoton katin ya ishe su.

Sai maganar da ba a son yi, Allah ya ja da ran Baba. Mu da mutum ya cika muke so a rufe shi a ranar. Maƙwabtanmu Tonawa kuwa gawa takan yi makonni har watanni a firji kafin jana'iza, kuma ma'aikacin da bai san mu ba abin da ya saba zai yi: ya kira mota a kai mutuware, a yi allurar hana lalacewa kafin ka ji labari. A rubuta ƙarara cewa ko ƙarfe nawa ne a kira dangi nan take, kada a motsa gawa, kada a yi mata allura sai kun zo. Ka kuma tabbatar akwai likitan da ke duba Baba a kai a kai yana rubutawa. Shi ne zai iya ba da takardar dalilin mutuwa, da ita ake karɓo izinin binnewa a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. In babu likitan da ya san ciwonsa, maganar tana iya komawa hannun 'yan sanda da majistare mai binciken mutuwa, har a ce sai an buɗe gawa, ga jama'a zaune a ƙofar gida, an haƙa kabari a maƙabartar Tafo ana jiran takarda. Lambobin waya biyu za ka ba su, taka da ta wanda ba ya tafiye-tafiye, a rubuta da babban baƙi a liƙa a bango saman gadon, don fayil ɗin ofis ƙarfe 5 ake kulle shi.